Wa zai biya diyyar wanda ya mutu a hannun ƴan sanda? Tarihin wata wasiƙa daga Indiya

Duk wanda ya tashi a Maradi ko Damagaram ya san ɗan sandan Indiya tun kafin ya san inda Indiya take a taswira. Mun gan shi a fim da kakinsa da gashin bakinsa da kulkinsa, ya kama mugu ya shiga da shi ɗaki ya rufe ƙofa, mu kuma muna tafi muna cewa a ƙara masa. Ni ma na yi wannan tafin ina yaro. Sai da ɗiyana suka kai shekarun da ake tare mutum da dare a tambaye shi katinsa, sannan na fara tunanin abin da ke faruwa bayan ƙofar nan idan wanda aka shiga da shi ɗan wani ne da ke jiran dawowarsa. Shi ya sa yau nake so in kawo muku, ƴan uwana malamai da iyaye, tarihin wata uwa a Indiya da aka shiga da ɗanta bayan irin wannan ƙofa, da yadda wasiƙar da ta aika ta rushe wata ƙa'ida da ta haura shekara ɗari tana kare gwamnati.

Sunanta Nilabati Behera. Tana zaune a yankin Sundargarh na jihar Orissa, wadda yanzu ake kira Odisha, a gabashin Indiya. Ranar 1 ga Disamba 1987, wajen ƙarfe 8 na safe, wani ɗan sanda daga ƙaramin ofishinsu na Jaraikela ya zo gida ya tafi da ɗanta Suman, saurayi mai shekara 22, kan binciken wata sata. Aka sa masa ankwa, aka ɗaure shi da igiya tare da wani da ake zargi. Da dare, wajen ƙarfe 8, uwar da kakar yaron suka kai masa abinci, ya ci a gabansu. Wannan ne ganinsu na ƙarshe da shi da rai. Kashegari wajen ƙarfe 2 na rana labari ya iske ta cewa an tsinci gawarsa a kan layin dogo, kusa da wata gada, ba nisa da tashar jirgin ƙasa, jikinsa duk raunuka, ankwa tana nan a hannunsa.

Bayanin ƴan sanda gajere ne. Suka ce wajen ƙarfe 3 na dare yaron ya tauna igiya da haƙori har ta tsinke, ya gudu, jirgin ƙasa ya take shi. Ke nan ba a hannunsu ya mutu ba, kuma ba ruwansu.

Wata tara bayan haka, ranar 14 ga Satumba 1988, uwar ta aika wasiƙa zuwa Kotun Ƙolin Indiya a Delhi. Wasiƙa ce kurum, irin wadda kowa zai iya sa a rubuta masa a bakin gidan waya. Kotun ta karɓe ta a matsayin ƙara. Kafin in faɗi abin da ya biyo baya, sai mun koma baya mun ga dalilin da ya sa duk lauyan da ta je wa a zamanin iyayenta zai ce mata ta yi haƙuri ta bar wa Allah.

Turawan Ingila sun shiga Indiya da wata tsohuwar ƙa'idarsu: sarki ba ya laifi. Ma'anarta a shari'a ita ce ba a kai gadon sarauta ƙara kan ɓarnar da bayinsa suka yi. Amma a Indiya abin ya zo da wata sarƙaƙiya, don kamfanin da ya fara mulkin ƙasar ɗan kasuwa ne kuma mai mulki ne a lokaci guda. A 1861 wata shari'a ta taso a Kalkata. Ma'aikatan tashar gyaran jiragen ruwa ta gwamnati suna ɗauke da wani ƙaton ƙarfe a kan hanya, suka sake shi ya faɗi, ya ji wa dokin wani kamfanin jiragen ruwa ciwo. Babban alƙali Barnes Peacock ya ce a biya. Amma ya raba aikin gwamnati gida biyu. Akwai aikin da kowane ɗan kasuwa zai iya yi, kamar gyaran jirgi, wannan in an yi ɓarna a cikinsa gwamnati za ta biya. Akwai kuma aikin sarauta, wanda mai mulki kaɗai ke yi, kamar yaƙi da kamu da tsarewa, wannan ba diyya a cikinsa. A wannan shekarar ta 1861 ne kuma Turawa suka kafa dokar ƴan sandan Indiya, shekara 4 bayan babban boren 1857, kuma sun tsara ta ne don riƙe talakawan da suka yi musu tawaye.

Abin mamaki, Ingila da kanta ta yi watsi da wannan kariya a gida da wata doka ta 1947, shekarar da Indiya ta samu ƴancin kai. Indiya kuwa ta riƙe kayan gado. Ayar doka ta 300 ta kundin tsarin mulkin 1950 ta bar alhakin gwamnati yadda yake a da.

A watan Satumba na 1947 wani ɗan kasuwar zinariya daga Amritsar mai suna Ralia Ram ya sauka a garin Meerut da hajarsa. Ƴan sanda suka kama shi bisa zargin kayan sata ne, suka ajiye zinariya da azurfarsa a ma'ajin ofishinsu. Da aka sake shi aka mayar masa da azurfar. Zinariyar kuwa, ɗan sandan da ke riƙe da makullin ma'aji ya kwashe ta ya tsallaka Pakistan. Kamfanin ɗan kasuwar, Kasturi Lal, ya yi ta shari'a har 1964. Kotun Ƙoli ta yarda an yi sakaci, ta yarda an ci amana, amma ta ce kamu da ƙwace kaya aikin sarauta ne, saboda haka ba ko sisi. Alƙalan da kansu sun nuna abin bai kwanta musu ba, suka roƙi majalisa ta gyara dokar. Majalisa ba ta gyara ba. Doki dai ya samu diyya, mai zinariya ya koma hannu rabbana. In dukiyar attajiri mai lauyoyi ta salwanta a ofishin ƴan sanda haka, ina ga ran ɗan talaka?

Abin da ya girgiza wannan ƙa'ida shi ne dokar ta-ɓaci da Firaminista Indira Gandhi ta kafa daga 1975 zuwa 1977. An kama dubban mutane ba tuhuma. A 1976 aka tambayi Kotun Ƙoli ko wanda aka tsare zai iya neman kotu ta sa a fito da shi, alƙalai huɗu cikin biyar suka ce a'a, muddin dokar ta-ɓaci na aiki. Alƙali H. R. Khanna ne kaɗai ya ƙi, kuma da lokacin naɗa shugaban kotun ya zo aka tsallake shi aka ba na bayansa.

Daga wancan zamani akwai labarin da duk malami ya kamata ya sani. Ranar 1 ga Maris 1976 ƴan sanda suka kama wani ɗalibi mai suna Rajan daga makarantar koyon injiniya ta Calicut a jihar Kerala, suka kai shi wani sansani a Kakkayam. Ubansa, Eachara Warrier, malamin harshen Hindi ne a kwaleji. Ya bi ofis ofis, ya rubuta wa duk wanda ake rubuta wa, kowa ya ce ba a taɓa kama ɗansa ba. Da aka ɗage dokar ta-ɓaci ya kai ƙara babbar kotun jihar, shaidu suka tabbatar an kama yaron, har shugaban gwamnatin jihar, K. Karunakaran, wanda shi ne ministan cikin gida lokacin kamun, ya yi murabus a Afrilu 1977. Daga baya hukuma ta amsa cewa Rajan ya mutu a tsare. Uban ya rasu a 2006 bai ga gawar ɗansa ba.

Kunyar hukuncin 1976 ta bi Kotun Ƙoli. A shekarun da suka biyo baya, alƙalai irin su V. R. Krishna Iyer da P. N. Bhagwati suka buɗe wata ƙofa da ba a saba gani ba: suka fara karɓar wasiƙu daga ƴan kaso da ƴan jarida da talakawa suna mayar da su ƙara. Madogararsu ayar doka ta 32 ce, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa damar zuwa Kotun Ƙoli kai tsaye idan an tauye masa haƙƙi na asali, da aya ta 21 mai kare rai da ƴancin mutum. Wasu na cewa kotun tana wanke sunanta ne. Ko ma mene ne dalilinta, ta wannan ƙofa wasiƙar uwar Suman ta shiga.

Maganar kuɗi ta zo sannu a hankali. A Bhagalpur ta jihar Bihar, tsakanin 1979 da 1980, ƴan sanda suka makantar da mutum 31 da ke tsare ta hanyar zuba musu ruwan guba a ido. Waɗanda suka kalli fim ɗin Gangaajal na Ajay Devgn sun ga inuwar wannan labari. A shari'ar ne kotu ta fara tambayar kanta da babbar murya: in gwamnati ta tauye haƙƙin mutum, me zai hana a sa ta biya? Amsar ta fito a 1983 ta kan wani mutum mai suna Rudul Sah. Kotun Muzaffarpur ta wanke shi daga zargin kisa a watan Yuni 1968, amma ba a buɗe masa ƙofar kaso ba sai Oktoba 1982. Shekara 14 yana zaune bayan alƙali ya ce ba shi da laifi. Kotun Ƙoli ta sa jihar Bihar ta biya shi rupi 30,000 ban da 5,000 da aka riga aka ba shi. A ƙarshen shekarun 1980 kuma wata ƙungiyar mata mai suna Saheli ta kai ƙarar ƴan sandan Delhi kan wani yaro ɗan shekara 9 da duka ya yi ajalinsa, aka ba uwarsa rupi 75,000. Sai dai duk waɗannan hukunce-hukunce sun yi ta kewaya tsohon hukuncin zinariya ba su taka shi ba. Lauyan gwamnati na iya tashi kowane lokaci ya ce: aikin sarauta ne.

Mu koma ga uwar Suman. A watan Maris 1991 Kotun Ƙoli ta umurci alƙalin yankin Sundargarh ya binciki yadda yaron ya mutu, ya kawo rahoto a watan Satumba na shekarar. Na fi son wannan yanki na labarin, domin a nan ne aka ga ramin ƙarya ƙurarre ne.

Binciken likita a kan gawar ya nuna abu mai tauri marar kaifi ne ya yi raunukan, irin wanda dukan kulki ke yi, kuma yawancinsu an yi su yaron yana da rai. Na fuska da na gefen kai ne kawai suka samu bayan ya mutu. Lauyan gwamnati ya dogara da rubutaccen ra'ayin wani farfesan binciken gawa daga Cuttack, amma kotu ba ta ba shi nauyi ba, domin ba a kira shi ya ba da shaida ba. Sannan aka zo kan igiya. An aika guntayen biyu ɗakin bincike na gwamnati, rahoto ya dawo cewa bakin guntayen biyu bai haɗu ba. Alƙalai suka ƙara da wata tambaya da ko ɗan firamare zai iya yi: in da gaske mutum ya tsere muku da ankwa a hannu ƙarfe 3 na dare, ina shaidar kun fita nemansa? Babu. Ma'aikatan jirgin ƙasa ne suka ga gawar suka kai labari, kuma ƴan sanda ba su yi gaggawar zuwa ba. Mutumin da ya san inda abu yake ba ya wahalar da kansa da cigiya.

Ranar 24 ga Maris 1993 alƙalai uku, J. S. Verma da A. S. Anand da N. Venkatachala, suka yanke hukunci. Suka ce Suman ya mutu ne sakamakon dukan da aka yi masa a tsare, sannan aka yar da gawarsa a layin dogo. Suka umurci jihar Orissa ta biya uwarsa rupi 150,000, ta kuma biya 10,000 ga kwamitin taimakon shari'a na kotun.

Hujjojin da suka kafa sun fi kuɗin nauyi. Na farko, da zarar an tabbatar mutum ya shiga hannun ƴan sanda da lafiyarsa, su ne za su yi bayanin yadda ya samu raunukan da suka kashe shi. Ba a ɗora wa uwa ta kawo shaidar abin da ya faru a ɗakin da aka hana ta shiga. Na biyu, kariyar aikin sarauta ba ta da wurin zama a nan. Kotun ta ce hukuncin zinariya ya shafi ƙarar diyya ta yau da kullum ne, amma idan ana maganar haƙƙin rai da kundin tsarin mulki ya lamunce, gwamnati ba za ta ba da lamuni da hannun dama ta janye da na hagu ba. Alƙali Anand ya ƙara da cewa wanda aka tsare bai rasa haƙƙinsa na rai ba, kuma nauyin kiyaye shi a kan hukuma nauyi ne da ba shi da togaciya. Na uku, biyan wannan kuɗi bai rufe sauran hanyoyi ba: iyali na iya neman ƙari a kotun ƙasa, gwamnati na iya bin jami'an da suka yi aikin su mayar mata da kuɗinta, kuma wajibi ne ta gano su ta gurfanar da su. Kotun har ta ambaci aya ta 9 ta yarjejeniyar duniya kan haƙƙin farar hula da siyasa ta 1966, wadda ta ce wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya, alhali Indiya ta yi togaciya kan wannan ayar lokacin da ta shiga yarjejeniyar a 1979.

Mu malamai bai kamata wannan hujja ta zama mana baƙuwa ba. Uba ya kawo maka yaro da safe da ƙafarsa, ka rufe ƙofar aji, in an tashi ya same shi da karaya, kai za a tambaya, kuma "ban sani ba" ba amsa ba ce. Haka makiyayin da aka ba amanar dabba. Wanda ya karɓi makulli ya karɓi tambaya tare da shi. Wanda aka tsare ba ya iya gudu, ba ya iya kiran likita, ba ya iya neman ruwa sai an ba shi, hukuma ta karɓe duk wata dabarar da zai kare kansa da ita. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Kuma mu da muka san kalmar diyya tun kafin zuwan Nasara muna da misalinmu. Malaman sira sun kawo cewa bayan buɗe Makka, a shekara ta 8 bayan hijira, rundunar da Khalid ɗan Walid ya jagoranta ta kashe mutane daga ƙabilar Banu Jazima bayan sun ajiye makamai an ɗaure su. Da labari ya kai ga Manzon Allah (SAW) ya barranta daga aikin, sannan ya aiki Sayyidina Ali da dukiya ya biya diyyar rayuka da ta kayan da aka ɓata, har da kwanon da kare ke sha a ciki. Shugaba ne ya biya abin da wakilinsa ya ɓata. Nakan tuna wannan duk lokacin da na ji wani yana cewa neman diyya daga gwamnati ɗabi'ar Turawa ce.

To amma kada mu yi wa labarin Indiya kwalliyar da ba shi da ita. Kotu ta auna kuɗin ne da abin da Suman ke samu, tsakanin rupi 1,200 da 1,500 a wata. Ku yi lissafin da kanku: ladan aikin shekara 8 zuwa 10 ke nan, ga yaro mai shekara 22. Da ɗan likita ne da kuɗin ya ninka. Wannan awo bai taɓa kwanta mini ba, domin yana nufin kulki ya fi arha a bayan talaka. Abu na biyu, kuɗin daga baitulmali yake fita, wato daga harajin maƙwabtan uwar, har da nata. In ba a bi jami'in ba, shi bai yi asarar komai ba.

Kotun da kanta ta gane biyan kuɗi bayan mutuwa bai isa ba. Tun a watan Agusta 1986 wani mai jagorantar ƙungiyar taimakon shari'a a Bengal ta Yamma, D. K. Basu, ya aika mata wasiƙa haɗe da yankan jaridu kan mace-mace a hannun ƴan sanda. Ranar 18 ga Disamba 1996 ta fitar da sharuɗɗa 11 na kamu, kuma Alƙali Anand ne ya rubuta su. Duk mai kamu ya maƙala sunansa da muƙaminsa a fili. A rubuta takardar kamu da rana da lokaci, wani daga iyalin mutumin ko wani dattijon unguwa ya sa hannu, shi ma wanda aka kama ya sa. A sanar da ɗan uwa ko aboki inda aka kai shi. A duba jikinsa lokacin kamu a rubuta duk raunin da ke akwai. Likita ya gan shi duk bayan awa 48. A bar shi ya ga lauyansa lokacin tambayoyi. In kuka duba da kyau, kowane sharaɗi yana toshe wata ƙarya da aka taɓa yi wa wata uwa: ba mu kama shi ba, da rauninsa ya zo, ya gudu da dare. Daga baya majalisa ta shigar da yawancinsu cikin dokar shari'ar laifuka, kuma tun 2005 doka ta wajabta alƙali ya binciki duk mutuwar da ta faru a tsare.

Duk da haka alƙaluman hukumar ƙididdigar laifuka ta Indiya sun nuna mutum 1,888 sun mutu a hannun ƴan sanda tsakanin 2001 da 2020, jami'ai 26 kacal aka samu da laifi. Indiya ta sa hannu kan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana azabtarwa a 1997, amma ba ta tabbatar da ita ba. A watan Yuni 2020, lokacin kullen korona, ƴan sandan garin Sathankulam a Tamil Nadu suka kama wani uba, Jeyaraj, da ɗansa Bennix, bisa zargin barin shagon wayoyinsu a buɗe bayan lokaci. Cikin kwana 4 dukansu biyu sun mutu. Gwamnatin jihar ta yi saurin sanar da kuɗi da aikin gwamnati ga iyalin, amma kama ƴan sandan sai da jama'a suka tashi, babbar kotun jihar ta sa baki, wata ƴar sanda da ke aiki a daren ta yarda ta ba da shaida. Wannan shi ne haɗarin da nake gani: gwamnati ta koyi biya, biya ya zama mata hanya mafi sauƙi ta rufe baki.

Mu a Nijar ba ta hanyar Ingila muka biyo ba, shari'ar hukumarmu daga Faransa muka gaje ta, amma su ma sun bi ta irin wannan kwana. A 1873, kan wata yarinya ƴar shekara 5 mai suna Agnès Blanco da keken masana'antar taba ta gwamnati ya take a Bordeaux, aka yarda ana iya neman gwamnati da ɓarnar ma'aikatanta, a gaban kotun hukuma. Aikin ƴan sanda kuwa aka keɓe shi har 1905, lokacin shari'ar Tomaso Grecco, mutumin da harsashi ya same shi cikin gidansa a Tunisiya sa'ad da ake harbin wani bijimi da ya ɓalle. Shi bai ci shari'ar ba, amma daga ranar kotun Conseil d'État ta daina cewa aikin ƴan sanda ya fi ƙarfin diyya. A kan takarda ma mun wuce Indiya: Nijar ta shiga yarjejeniyar hana azabtarwa tun 1998, kuma aya ta 14 ta yarjejeniyar ta ce in mutum ya mutu sakamakon azaba, waɗanda yake ciyarwa suna da haƙƙin diyya. Mun kuma taɓa ganin kotu ta sa ƙasarmu biya. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO, tana zaune a Yamai, ta ce Nijar ta kasa kare Hadijatou Mani daga bauta, ta umurce ta da biyan miliyan 10 na sefa, kuma an biya. Tun ficewarmu daga CEDEAO a watan Janairu 2025 wannan ƙofa ta rufe.

Abin da na ɗauka ga iyaye daga labarin uwar Suman ƙanana ne, amma su suka riƙe shari'arta. Ta san ranar da aka kama ɗanta da lokacin. Ta je da kanta a daren, ba ita kaɗai ba, ta gan shi yana cin abinci da lafiyarsa. An duba gawar, an rubuta rahoto, an ajiye igiyar. A wurinmu, inda addini da al'ada ke sa mu gaggauta jana'iza, kuma kunya ke hana mu tambayar mai kaki sunansa, waɗannan abubuwa ne ke fara ɓacewa. Na taɓa raka wani maƙwabci wata komisariya neman ɗansa da aka kama da dare. An sako yaron lafiya kashegari, alhamdulillahi, amma da muka fito na tambayi uban ƙarfe nawa aka tafi da shi da sunan wanda ya yi mana magana, bai riƙe ko ɗaya ba. Ni ma ban riƙe sunan ba.

Ita dai Nilabati Behera, hukuncinta ya zo shekara 5 da wata 3 da ƴan kwanaki bayan ranar da aka kira ta bakin layin dogo. Ko a lokacin ba a danƙa mata kuɗin a hannu ba. Kotu ta ce a ajiye rupi 150,000 ɗin a banki da sunanta na tsawon shekara 3, tana karɓar abin da ajiyar ta haifar kawai, sai wa'adin ya cika sannan a ba ta uwar kuɗin.